Motar Amana da Raƙuman Baba

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga ƙanwarka Gazala, a gidanmu na kudu da Duz a ƙasar Tunisiya, yau Talata, zuwa ga Yayana Balgasim a Liyon ta ƙasar Faransa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin wadda ta kamaci ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Wahiba da yara baki ɗaya. Allah ya sassauta maka ciwon bayan nan da durƙuson shimfiɗa tayil ya sa maka, ya sa albarka a guminka, ya tsare ka daga sharrin baƙunta. Yaya ƙarfin jikin Wahiba bayan haihuwa? Na ga hoton jaririn, hancin gidanmu ne sak, ko makaho ya shafa ya san namu ne. Allah ya raya shi a kan imani, ya sa hancin kawai ya ɗauko, ya bar mana taurin kan.

Mu nan sai godiyar Allah. An gama ɗaura wa dabinai furen namiji tun watan jiya, kuma ga alama sun kama. 'Yata Rihab tana fama da karatun jarrabawar gama sakandare, ta rame ta zama sai idanu, kullum da littafi har a bakin murhu. Gwaggo Mbarka tana nan da gwiwarta, ta daina zuwa ko'ina amma babu labarin da ke wuce ta a unguwa. Maigidana Lazhar lafiyarsa ƙalau. Iskar shahili ce ta fara da wuri bana, tun farkon wata take busowa daga kudu, in ka taɓa ƙofar ƙarfe da hantsi sai ka janye hannu.

Yaya, ka san ni ba mai son rubutu ba ce, tun muna makaranta kai kake yi mini aikin gida ina biyanka da rabona na dabino. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, in na kira ka muna hira lafiya lau, da zarar na ce Baba, sai mai gidan aikinka ya faɗo daga sama, ko jirgin ƙasa ya shiga rami, ka kashe. To, takarda dai ba a kashe ta. Rihab za ta ɗauki hoton shafukan nan ta turo maka yau ɗin nan, don abin da ke ciki ba zai jira gidan waya ba. Na haɗa ka da girman Allah ka karanta har ƙarshe. Baba ya fita jeji jiya da asuba, shi kaɗai a kan tsohon amalensa, wai zai koro taguwoyinsa gida da ƙafa a cikin wannan zafi, kuma ni na jawo.

Bari in ɗauko maka daga tushe, don akwai abin da na ɓoye maka. Ranar da abokinka Hamda ya shigo tsakar gidan nan da motar da ka aiko, shekara biyu ke nan, unguwa kaf ta fito kallo. Tsohuwa ce, kai ma ka faɗa, amma irin mai ja da ƙafa huɗu ce, wadda rairayi ba ya ba ta tsoro. Na ce maka Baba ya yi murna. Ƙarya na yi maka, Allah ya yafe mini. Hamda ya miƙa masa ambulan, ya zazzage, makulli ya faɗo tare da takardun mota masu sunanka. Ya leƙa cikin ambulan, ya zura yatsa ya shafa, ya sake zazzagewa. Sannan ya tambayi Hamda ko an ba shi wata magana ya kawo da baki. Bawan Allah ya sunkuyar da kai. A nan Baba ya faɗa a gaban jama'a cewa abin da ya zo babu kalma ba kyauta ba ne, ajiya ce, kuma zai riƙe ta yadda ake riƙe raƙumar matafiyi. Ka san ƙa'idar tun muna yara: ka sha nononta, ka ɗora mata kaya, amma ba ka tsaga mata kunne, ba ka ɗora mata ƙarfen wuta, ba ka kusantarta da wuƙa sai mai ita ya faɗa. Har yau Baƙuwa yake kiranta.

Ba miki nake fama maka ba. Na san ranar da Inna ta rasu ba ka da takardar zama, in ka fito ba ka komawa, ga Wahiba da tsohon ciki. Na kuma san abin da Baba ya faɗa maka a waya, don ina tsaye kusa da shi, wai wanda bai zuba wa uwarsa ƙasa ba kada ya ƙara kiran gidan nan. Maganar zafin rai ce, ta mutumin da ya dawo daga binne matar da suka yi shekara arba'in da biyar tare, ƙurar maƙabarta ko barin ƙafarsa ba ta yi ba. Kai ka ɗauke ta ka riƙe shekara biyar, shi ma ya riƙe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni kuwa kun mai da ni hatsin da ke tsakanin duwatsun niƙa, kuma wallahi na gaji.

Amma fa Baƙuwa ta sha gata, ko amarya albarka. Lazhar ke tuƙi, Baba na gefensa da sanda tsakanin gwiwoyi yana tsaron allurar gudu. Da ta haura talatin sai ya ƙwanƙwasa masa sandar a ƙafa, wai ba a kora dabba mai kaya, balle ta wani. Ko a kan kwalta haka ne, masu babur na wuce su suna ɗaga musu hannu suna tambaya ko gawa suka ɗauko. Da safe sai an tada ta an bar ta tana numfashi a tsaye har ya gama shayinsa kofi uku, wai jikinta ya sake. Da rana a lulluɓe ta da tsohon bargon da Inna ta saƙa. Lazhar kan dawo yana ƙunƙuni, wai ƙafarsa ta manta inda totur yake, shi ba direba ba ne makiyayin mota ne. Muna dariya a lokacin, don dai tana yin aikinta. Ana ɗora mata tankin ruwa a baya ta kai wa raƙuma duk inda suke, kuma tun zuwanta Baba bai ƙara maganar sayar da ko ɗaya ba.

Bana ko ɗigo ba mu samu ba a wajenmu. Ruwan ya je ya sauka can ƙasa da Bir Lagrab, ciyawa ta fito, Baba ya sa Baffa Amur ya tafi da garken ya zauna a can. Taguwa goma sha huɗu ne, tara da 'ya'ya a gindinsu, haihuwar hunturun nan. Ka san rijiyar wurin, tun kana nan take da ɗaci, yanzu kuwa rairayi ya cinye ta gaba ɗaya, sai bakin dutsen ake gani. Don haka duk kwana uku Lazhar ya cika tanki ya kai musu. Mai shayarwa ba ta juriyar ƙishirwa irin ta sauran, in ba ta sha ba nono ya ɗauke, in nono ya ɗauke ɗan ya kwanta.

Sati biyar da suka wuce wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Baba ya ce a yi mata addu'a a ƙyale ta. Bayan kwana goma wata ta ƙaru, motar ta kame kanta, ka taka har ƙasa ba ta fi tafiyar jaki mai kaya ba. A fili tana lallaɓawa, amma ka san manyan tuddan rairayin nan uku da ke gabanin Lagrab, ba a hawansu da lallami. Lazhar ya gwada na farko sau bakwai tana kaiwa tsakiya tana sulalowa. Daga ƙarshe ya buɗe famfon tanki ya zubar da rabin ruwan a ƙasa don ta yi sauƙi, yana tsaye yana kallon rairayi na shanyewa. Ya ce mini bai san hawaye yake yi ba sai da ya ji gishiri a bakinsa. Abin da ya isa da shi, rabin garken bai ƙoshi ba.

Suka kai ta garejin Marzug, wanda kuka yi aji ɗaya da shi, har yanzu in yana magana a Duz ana jinsa a Kibili. Na bi su don kada a dawo mini da rabin labari. Ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana tafa hannu yana salati. Ya ce motocin ƙasarku an ɗaura musu wata tukunya a jikin salansa, mai tare baƙin hayaƙi kada ya fita ya cuci mutane. Tukunyar kan cika da kunkunniya, kuma ba ta wanke kanta sai an hau kwalta an taka motar da gudu kamar na rabin awa, ta yi zafi ta ƙone abin da ta tara. Wannan kuwa shekara biyu ana tafiya da ita kamar an ɗauko ƙwai, ana barin ta tana numfashi a tsaye, ana ɗura mata man jarka na bakin hanya. Ya dubi Baba ya ce wai ya yi haƙuri, amma tausayinsa ne ya shaƙe ta. Baba ya ce shekararsa saba'in da shida bai taɓa jin dabbar da ta mutu don an ƙi zaluntar ta ba. Marzug ya ce ai wannan ba dabba ba ce, Bafaranshiya ce, in ba ta yi gudu ba ciwo take kamawa. Duk gareji aka kwashe da dariya, ban da Baba, na ga kunyar ta shige shi har cikin ƙashi.

Marzug ya wanke tukunyar sau biyu, ya ce aikin banza ne, cikinta ya daskare kamar dutse. Sabuwa babu ita a ƙasar nan, sai an aiko daga ƙetare, wata biyu in an yi sa'a. Abin da ya rage shi ne a yanka ta a kwashe abin da ke ciki a mayar a yi walda, a toshe wata 'yar ƙofa mai mayar da hayaƙi cikin inji, sannan wani abokinsa ya zo daga Gabis da kwamfuta ya sa ƙwaƙwalwar motar ta manta an taɓa yi mata tukunya. Bai ɓoye mana komai ba, in faɗi gaskiyarsa. Ya ce doka ba ta yarda ba, motar za ta riƙa hayaƙi, gwajin shekara zai zama abin fargaba, kuma ta yi ban kwana da ƙetare teku har abada. Baba bai ji duk wannan ba. Kalmar yanka kawai ya ji, ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce ba a sa wa ajiya wuƙa sai mai ita ya faɗa.

Ranar ce na rubuto maka, ka tuna, ka amsa mini da layi ɗaya cewa mu yi yadda muka ga dama da ita. Na ruga da waya a hannu ko mayafi ban gyara ba, na karanta masa. Ya tambaye ni wa aka rubuta wa, na ce ni. Ya ce to ai ba ni aka ba ajiyar ba, shi aka ba, kuma shi kunnensa bai ji komai ba. Na ce ka yi saƙon murya, ka ce kana wurin aiki. Na ce shi ya kira ka, ya dube ni kallon da ya sa na haɗiye sauran maganar. Haba Yaya! Mutum biyu, kowanne da baki da haƙora, an rasa mai cewa uffan, dabbobi na can suna lasar gindin kwami.

'Ya'yan maƙwabcinmu Hajj Sasi sun kai mana ruwa sau biyu da motarsu, Allah ya saka musu, amma tumakinsu na can yamma, su ma da nasu nauyin, kuma ba a roƙon mutum sau uku. Tarakta ba ta ƙetare tuddan nan. Lazhar ya ci gaba da zuwa da rabin tanki, yini guda a hanya, ya dawo leɓɓansa sun tsattsage. A zuwansa na ƙarshe ya tarar ɗan Hamama ya mutu. Hamama ita ce farar nan, jikar taguwar da aka ba Inna ranar aurenta. Baffa Amur ya ce kwana biyu tana tsaye a kan wurin tana kuka, ta ƙi bin garke, kuma akwai wasu 'ya'yan biyu da ƙafafunsu suka fara rawa. Ya aiko a gaya wa wansa, in kashe su yake so ya zo ya yanka da hannunsa, ya fi mutunci. Baba ya ji saƙon, ya shiga ɗaki, bai ci abincin rana ba. Amma makullin yana nan a ƙusarsa, maganar kuma ba ta canja ba.

Gaba kura, baya siyaki. Ranar Alhamis da Baba ya tafi kasuwar dabbobi wajen abokansa, na cire makullin na miƙa wa Lazhar. Ya ɓoye hannuwansa a baya kamar na miƙa masa kunama, wai shi suruki ne, in Baba Hajj Musbah ya tsine masa ina zai sa kansa. Na ce in ba zai iya ba ya matsa, ni zan ja ta ko a giya ɗaya ce, gari ya fito ya kalli matar Lazhar tana tuƙi mijinta na bin ta a ƙasa. Ya karɓa yana ta la haula. A gareji Marzug ya ce in koma gida, nan ba wurin mata ba ne, na ce ni zan ɗauki zunubin don haka da idona zan gani. Injin yankan ya taɓa ƙarfen, tartsatsi na tashi. Abin da suka kwaso daga ciki kamar saƙar zuma ce da aka ƙona, baƙi ƙirin, na sa suka zuba mini a buhun fulawa na ƙulle. Mutumin Gabis ya yi nasa aikin, fitilun suka mutu. Kafin la'asar motar na inda take, an lulluɓe ta da bargo.

Mun ce wa Baba wanki na uku ne ya yi amfani. Ranar Juma'a Lazhar ya tafi shi kaɗai da tanki cike fal, ya ce tuddan nan ko sanin tana hawa ba ta yi ba, awa uku ya isa. Taguwoyi suka sha har suka juya wa kwami baya. Ya dawo yana waƙa, ni ma na yi kuskus da naman rago kamar ana suna. Farin cikin kwana ɗaya ne. Asabar da safe Baba ya sa aka tada ta yadda ya saba, ya zagaya bayanta yana share mata ƙura da jelar rawaninsa. Ta yi tari ɗaya ta feso masa baƙin hayaƙi a farin rawanin. Ya tsaya. Ya duƙa ya zura yatsa a bakin salansa, ya fito da shi baƙi. Shekara biyu yana shafa wurin nan yatsansa na fitowa fes, mu kuwa ko tunanin haka bai zo mana ba.

Bai ko kalli Lazhar ba, ni ya kira, ya san ɗiyar da ya haifa. Na ɗauko buhun na ajiye a gabansa. Na tuna masa abin da shi da kansa ya koya mana, cewa in raƙumar ajiya ta karye a jeji, ana yanka ta a gaban shaidu, a yanko fatar da ke da lambar mai ita a adana, ranar da ya dawo a nuna masa. Na ce ga fatar, ga shaidu Marzug da Lazhar. Ya daɗe yana kallon cikin buhun, har na ga gefen bakinsa ya motsa kamar zai yi murmushi. Ya ce lallai na iya shari'a, da namiji ce ni da an ba ni alƙalanci. Amma wannan hukuncin na wanda ya yi nisan da ba a iya cim masa ne, wanda ya tafi Makka da ƙafa ko ya ɓace. Ɗan'uwana kuwa da ransa, da bakinsa, da waya a aljihunsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce an ci amana a cikin gidansa yana raye, kuma raƙumansa ba za su ƙara shan ruwan da aka ɗauko da ita ba, da kansa zai je ya koro su gida.

Na tara masa mutane. Liman Si Tuhami ya zo, da Hajj Sasi, Gwaggo Mbarka ma ta sa aka ɗauko ta a kujera. Liman ya yi bayani mai kyau, ya ce lalura tana halatta abin da aka hana, ran dabba ya fi ƙarfe, kuma mai motar ya riga ya rubuta. Gwaggo ta zage shi tas, ta ce tun yana yaro haka yake, ya gwammace ya kwana da yunwa da ya ce a ƙara masa miya. Baba ya ce duk gaskiya suka faɗa, ya zuba musu shayi, ya raka su ƙofa. Sannan ya rantse a gabansu da Allah, in motar nan ta bi bayansa kafin ya ji izinin mai ita da kunnensa, ba zai ƙara taka gidan nan ba. Da liman zai fita ya rage murya ya ce mini in daina wahalar da malamai, ba fatawa mahaifina yake jira ba.

Jiya bayan sallar asuba ya ɗaura wa amalen sirdi. Na zuba masa garin guzuri na bsisa da dabino, na cika salka biyu, na cusa maganin sukarinsa a aljihun rigarsa don na san zai ce ya manta. Na riƙe akalar na ƙi saki. Na roƙe shi da darajar Inna, na ce ya dake ni, ya kore ni gidan mijina, ya yi duk abin da ya ga dama amma ya sauko. Ya ce in saki, ba a yi wa matafiyi kuka. Kwana biyu zai yi kafin ya isa Lagrab, yau da yamma ke nan. Gobe za su taso da Baffa, tsofaffi biyu, ɗaya da sukari ɗaya da ido guda, da taguwoyin da rabonsu da ruwa tun Juma'a, da 'ya'yan da ba su taɓa tafiyar yini ba. Jibi Alhamis wajen azahar za su kai tudun Margab su yi ƙailula. Daga nan kuma sai fadamar gishiri, kwana biyu babu inuwa ko ta sanda. Wannan fadamar ce ke hana ni haɗiyar abinci.

Ga motar nan a tsakar gida ina kallonta ta taga, lafiyarta ƙalau, tanki cike, makulli a ƙusa, awa uku tsakaninta da su, kuma babu mai iya taɓa ta. Lazhar ya ce in na ce ya tafi zai tafi. To in ya tafi, na ceci raƙuma na rasa uba, don ka san bai taɓa rantsuwa ya yi kaffara ba. In bai tafi ba, ban san abin da zai fito daga fadamar nan ba. Na juya abin ta kowace fuska har kaina ya yi zafi, ban ga inda hannuna zai kai ba. Ka yafe mini abin da na sa aka yi wa motarka. Ni ma ba daɗin hayaƙin nake ji ba, in aka tada ta sai na kwashe shanya, Gwaggo ta yi ta tari. In Allah ya kawo sabuwar tukunyar a mayar mata, ni zan riƙa sa Lazhar yana kai ta kwalta tana gudunta. Amma wannan duk maganar gobe ce.

Ka gaishe mini da Wahiba da kyau, ka ce ina yi mata barka da arziki, kuma man zaitun da yajin harisar da na yi mata alkawari suna nan a ƙulle sai an samu mai zuwa. Ka shafa mini kan Ayyub da Sirin, da ɗan baƙon da ban riga na ɗauka ba. Ka gaida Hamda da iyalinsa. Gwaggo Mbarka tana gaishe ka, ta haɗa da wata maganar da ba zan rubuta ba. Lazhar na gaisuwa, Marzug ma ya ce in gaya wa ɗan ajinsu har yanzu ya fi shi ƙwallo.

Saura abu ɗaya. Ɗazu ina share ɗakin Baba na ga 'yar wayarsa ba ta cikin alkukin da take zama. Ka san bai taɓa fita da ita ba, wai shi ba akuya ba ne da za a ɗaura masa igiya. Na tambayi Rihab, ta yi ta kame-kame, daga baya ta fashe da kuka. Ta ce ranar Lahadi ya kira ta gefe ya ce ta cika masa ita da wuta, ta nuna masa inda ake dannawa in an kira. Sau uku ya sa ta maimaita. Ya kuma tambaye ta ko gaskiya ne a kan tudun Margab waya tana kamawa, ta ce eh, nan ne kaɗai a duk hanyar. Ya ce kada ta gaya wa kowa.

Lambar ba ta canja ba, Yaya. Alhamis, daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu a agogonku. Kada ka shirya dogon jawabi, ka ce Baba ni ne. In ka ji shiru kada ka kashe, yana nan. Lazhar zai shiga motar ya zauna tun hantsi, ni kuma ina bakin ƙofa da wayata a hannu.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Gazala 'yar Musbah